Mun je Baltimore ta Ayalan a jirgin iska, yarona ya yi mini tambayar da na kasa amsawa

Abu_Haidar_Cork
Assalamu alaikum 'yan uwa. Makon jiya na kwashi iyali muka yi kwana huɗu a kan teku, na kuma dawo da wata tambaya da nake so ku taya ni. Akwai wani dattijo ɗan ƙasar nan da muka yi aiki tare shekara shida, bara ya yi ritaya. Yana da jirgin ruwa irin wanda iska ke turawa, tsawonsa wajen mita 11, da ɗan inji na ko-ta-kwana. Ya daɗe yana cewa in kawo yara, bana dai na amsa. Muka tashi daga Kinsale da safe, ni da maman yara da yara uku, shi da matarsa. Muka kwana a Glandore, washegari bayan azahar muka shiga Baltimore.

Ga wanda bai san wurin ba, ƙauye ne can kudu maso yammacin gundumar Cork, mazaunansa na dindindin ba su kai 500 ba, sai dai lokacin zafi ya cika da baƙi. Tun daga nesa za ka hangi wani farin gini mai tsini a kan dutse, shi ne alamar ƙofar shiga, 'yan garin suna ce masa Matar Lutu. A tsakiyar gari akwai tsohon gidan sarauta na dutse, Dún na Séad, asalinsa tun 1215, an gyara shi ana biyan kuɗi a shiga. A nan ne Haidar, ɗan shekara 11, ya tsaya karanta allunan bango. A daren 20 ga Yuni 1631 'yan fashin teku daga Aljiyas, babban birnin Aljeriya ta yau, suka dira garin, suka kwashe mutum sama da 100, maza da mata da yara, suka kai su kasuwar bayi. Yaro ya juyo a gaban mutane, da Hausa dai Allah ya taimake ni, ya ce: "Abba, Musulmi ne suka sace su?" Na ce masa mu je in saya musu askirim. Har yau ban ba shi amsa ba, kuma na san bai manta ba. Ku da kuke renon yara a ƙasashen nan, me za ku ce masa?

Hajiya_Dublin15
Wa alaikumus salam. Abu Haidar, ni ba tambayar ce ta tsaya mini a rai ba. Yara uku ka ɗora a kan ruwan da ba a ganin ƙarshensa, a jirgin da zani ke ja? Autarku fa ba ta fi shekara biyar ba. Ina mota? Daga Cork zuwa can awa ɗaya da rabi ne. Allah dai ya tsare gaba, amma da ni ce kakarsu da ka ji daga gare ni.

Maman_Haidar
Hajiya, ina wuni. Allah ya saka da alheri, abin da na faɗa masa ke nan kafin mu tafi. Kuma tunda ya kawo maganar gaban jama'a, bari in cika abin da ya tsallake. Bai faɗa muku cewa tun kafin mu wuce Old Head, tsinin ƙasar da ke kusa da Kinsale, ya rungumi bokitin amai ba. Yara lafiya lau suna ihu sun ga kifin dolfin yana bin jirgi, babansu yana kwance yana kiran sunan Allah. Ni ce na riƙe sitiyari kusan awa guda, matar mai jirgin tana nuna mini.

Abu_Haidar_Cork
Maman Haidar, asirin gida fa. Jiri ne kawai, kuma kwana ɗaya ya yi.

DanYauri
Hajiya, Allah ya ƙara lafiya, ni a bakin ruwa aka haife ni, bari in ɗan kare Abu Haidar. Ruwa ba ya cin mutum don yana da faɗi, ganganci ke kawo yawancin asara. Mu da muka ga abin da ya faru a Warrah a 2021, da na Bagwai a 2021 ɗin dai, mun san me ke kashe mutane: lodi ya fi ƙarfin jirgi, katako ya ruɓe, ba mai rigar kariya ko ɗaya. Nan kuwa doka ce yaron da bai kai 16 ba ya sa rigar in yana saman jirgi ana tafiya. Tambayata ga Abu Haidar ita ce, sun sa? Kuma mai jirgin ya duba hasashen yanayi kafin ku tashi?

Maman_Haidar
Sun sa, Malam. Har da wata igiya da ake ɗaure ta a rigar a maƙala ta a jikin jirgi, ko yaro ya zame ba zai faɗa ba. Dattijon nan kafin ya kunna inji sai da ya zaunar da mu kamar 'yan makaranta, ya nuna wa Haidar yadda ake kira a rediyo in wani abu ya same shi shi kansa. Ya ɗage tafiyar da kwana biyu saboda iska, har mun fara jin haushi. Ya ce iskar yankin yawanci daga kudu maso yamma take zuwa, wato ta inda muka nufa, shi ya sa ba a tafiya kai tsaye, sai a karkata dama a karkata hagu kamar mai hawan tudu da kaya. Ruwan kuwa na sa hannu na ji, a watan Yuni, kamar an fito da shi daga firji.

Mai_Kundi
Mu dawo kan tambayar yaron, don ta fi ƙarfin askirim. Amsar gajeriya ita ce e, amma labarin yana da rassa, kuma yaro ɗan 11 zai iya ɗauka.

Jagoran maharan sunansa Murad Rais, amma ba da wannan suna aka haife shi ba. Baturen Holan ne daga Haarlem, Jan Janszoon. Da ma fashin teku yake yi, aka kama shi a 1618 aka kai shi Aljiyas, ya musulunta, ya ci gaba da sana'arsa a ƙarƙashin sabuwar tuta. Ya ma taɓa shugabantar 'yan fashin Sale a Maroko. A 1627 ya kai hari har Aisalan. Mutanen da ya zo da su Baltimore gauraye ne, akwai sojojin Turkawa, akwai mutanen Aljiyas, akwai Turawa irinsa da suka sauya addini.

Waɗanda aka sace kuma yawancinsu ba 'yan asalin Ayalan ba ne. Ingilishi ne 'yan kama-wuri-zauna, an kafa su a can wajen 1605 a ƙarƙashin wani Thomas Crooke, a ƙasar da ya karɓi haya daga sarkin zuri'ar O'Driscoll, masu wancan gidan sarautar da kuka shiga. Sana'arsu kamun wani kifi irin na sadin, su sa masa gishiri, su matse mansa, su sayar a ƙetare. Gidajen da aka fi kwashewa na ƙasa ne, bakin ruwa, wurin da ake kira Cove. Akwai mutumin da ba ya gari a daren, ya dawo ya tarar an tafi da matarsa da 'ya'yansa maza bakwai.

Da ɗan gari kan ci gari. Wanda ya nuna musu hanya masunci ne daga Dungarvan, John Hackett, wanda suka kama a teku. Kinsale suka so shiga, shi ya ce musu tana da tsaro, ya kawo su Baltimore. Daga baya an rataye shi. Cikin mutum ɗari da 'yan kai, biyu ko uku kawai aka san sun dawo. Sauran mutanen garin da yawa suka yi ƙaura zuwa Skibbereen, can cikin kogi, inda jirgin fashi ba zai kai ba.

Abu_Sumayya_Galway
To ai ka ba shi amsa da kanka, Mai Kundi. Abu Haidar, ka ce wa yaro Baturen Holan ne ya yi, Baturen Ayalan ya nuna hanya, Turawan Ingila aka sace. Rigimarsu ce ta cikin gida. Mutumin da ya yi kalmar shahada don ya tsira da wuyansa ya ci gaba da sata, ina ruwanmu da shi? Kullum sai an nemo abin da za a shafa wa Musulunci.

Mai_Kundi
Malam Abu Sumayya, da sauƙi haka da na ji daɗi. Zuciyar Murad Allah ne ya san ta, ba zan shiga ba. Amma kasuwar da aka sayar da su a Aljiyas take, masu saye Musulmi ne, hukumar garin tana da kasonta a kowane ganima. Yaron nan a makarantar Ayalan yake, gobe zai karanta da kansa. Ranar da ya gano babansa ya ɓoye rabin labari, ba zai sake kawo masa tambaya ba, sai ya kai wa wani.

Abu_Sumayya_Galway
Ban ce a yi masa ƙarya ba. Na ce a fara da inda ya dace. Su da suka rubuta allon sun rubuta abin da Cromwell, jagoran sojojin Ingila, ya yi wa 'yan ƙasar nan bayan shekara ashirin, da waɗanda aka tura Barbados? Sun rubuta jiragen da suka kwashi kakannin baƙar fata zuwa Amurka?

Abu_Haidar_Cork
Gaskiya a kan Cromwell ba sa ɓoyewa, kowane ɗan firamare a nan ya san shi, ba kuma da alheri ba. Kuma in yi adalci, ban ga inda aka zagi addini a allunan ba. Mai jirginmu ma dariya ya yi, ya ce su O'Driscoll ɗin kansu fashin teku suke yi, har mutanen Waterford suka zo suka ƙona musu gari a 1537 saboda sun sace jirgin giya. Ya nuna mini wani gidan cin abinci da shaye-shaye a garin, sunansa ma Algiers Inn. Abin ya zame musu abin jawo baƙi, yara suna yawo da hular 'yan fashi.

Yar_Damagaram
Sannunku da hira. Ni a Faransa nake, kuma irin wannan tambaya ɗiyata ta taɓa yi mini, sai dai a kan kakanninmu ne. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Muna ta maganar Aljiyas kamar wata duniya ce, alhali hanyar da ta tashi daga Kano ta bi ta Damagaram da Agadas zuwa Gat da Gadamas har Tarabulus ba fatu da gashin jimina kawai ta ɗauka ba. Mutane ta ɗauka. Kakata tana nuna mana gidajen da aka san asalinsu, har yau akwai auren da ba ya yiwuwa saboda wannan. In Haidar ya tambayi wa ya saci mutanen Baltimore, wata rana zai tambayi me ake nufi da "bawa" da "kuyanga" da yake ji a tatsuniya. Gara a fara shirya masa tun yanzu.

Baffa_Limerick
'Yar Damagaram, kin taɓo inda ke ciwo. A arewacin Najeriya sai 1936 aka soke bauta gaba ɗaya a doka. Mahaifina an riga an haife shi.

Mai_Kundi
Tunda an zo nan, ga abin da zan ƙara wa Abu Haidar, don yaron ya san ba kowa ne ya yi shiru a zamanin ba. Shehu Ahmad Baba na Tambutu, shi kansa sojojin Maroko sun kama shi suka kai shi Marrakesh a ɗaure a 1594. Bayan ya dawo gida, wajen 1615, ya rubuta fatawa yana amsa wa mutanen Tuwat da ke cikin Sahara, ya ce baƙar fata ba dalilin bauta ba ce, ya kuma ambaci mutanen Kano da Katsina da Barno a cikin Musulmin da bai halatta a mallake su ba. Shekara 16 ke nan kafin harin Baltimore. Kada in yi masa ƙari, bai haramta bautar gaba ɗaya ba, iyaka ya sa mata. Amma abin lura shi ne, dalilin da ya sa aka yi masa tambayar shi ne ana ganin mutanenmu a waɗancan kasuwanni. Wato ba mamaki matar da aka sato daga Cove ta tsaya a layi ɗaya da wadda aka sato daga ƙasar Hausa.

Ustaz_Blanch
Jazakallahu khairan. Ni abin da zan ce wa yaro kaɗan ne: Musulmi yana yin zalunci, kuma sunansa zalunci ko wa ya yi. Ba a auna addini da ɓarawo, ba a kuma wanke ɓarawo don sunansa Murad. Sai dai ina da gyara a kan wancan farin ginin. Labarin cewa matar Annabi Luɗu ta zama ginshiƙin gishiri daga littafin Kirista yake, shi ya sa suka sa wa ginin sunan. Alƙur'ani ya ce tana cikin waɗanda suka halaka, bai ambaci gishiri ba. Kada yara su haɗa.

Abu Haidar, ya kuka yi da salla a jirgin?

Abu_Haidar_Cork
Ustaz, ƙasaru muka yi. Wahalar ita ce alƙibla. Daga nan tana gabas ne ta ɗan karkata kudu, to in an jefa anka jirgin ba ya tsayawa wuri ɗaya, yana juyawa da iska da kuma ruwa in yana cikowa ko yana janyewa. Na kabbara ina kallon tsibirin da na sa alama, kafin in yi sallama tsibirin ya koma bayana. Daga baya na riƙa jira sai mun sauka ƙasa in da hali. Ga magariba sai goma saura na dare, asuba kuma kafin ka gyara kwanciya ta yi. Mai jirgin ya fahimta, da kansa yake duba kamfas ya nuna mini.

Wani abin dariya a Glandore. A bakin shiga akwai tsibirai biyu, babba sunansa Adamu, ƙarami Hauwa'u. Ƙa'idar matuƙa ita ce ka nisanci Adamu, ka rungumi Hauwa'u, saboda duwatsun da ke ɓoye a gefen Adamu. Dattijon yana faɗa yana kallon matarsa.

Kanawa_Dabo_88
Ku yi haƙuri, ni duk tsawon hirar nan na ɗauka Baltimore ta Amurka ake nufi, ina ta mamakin yadda aka je daga Cork a kwana biyu. Daga wannan ƙauyen aka samo sunan waccan ke nan?

Baffa_Limerick
A'a ɗana, mutane da yawa suna wannan kuskure. Ta Amurka sunan Lord Baltimore ta ci, na gidan Calvert da suka kafa Maryland, shi kuma sarautarsa daga wata ƙasa take a gundumar Longford, can tsakiyar Ayalan, ba ruwanta da teku. Ta Cork sunanta a harshensu Dún na Séad, kamar gidan sarautar. In ka duba allon hanya za ka ga duka biyun.

DanYauri
Ni wani wuri ne ya tsaya mini a bayanin Mai Kundi. A zo cikin dare, a kwashe mata da yara, da hannun ɗan gari a ciki, a nemi kuɗin fansa, waɗanda suka rage su watse su bar garin. Wallahi in ka cire teku ka sa daji, labarin ƙauyukanmu ne na yau. Ina jami'an tsaro suke a daren?

Mai_Kundi
Dan Yauri, za ka ce na ƙirƙira. Akwai jirgin yaƙin sarkin Ingila a Kinsale, aikinsa ke nan tsaron gaɓar. Bai fito da wuri ba saboda ba a ba shi guzuri ba, kafin ya motsa maharan sun yi nisa. Daga nan manya suka shiga ɗora wa juna laifi. Fansa kuma ba wanda ya biya da wuri, talakawa ne, sai bayan shekara 15 wani wakili daga Ingila ya je Aljiyas ya fanso ɗaruruwan mutane, cikinsu 'yan Baltimore ba su wuce biyu ba. Akwai kuma zargin da ake yi wa wani attajirin lauya na Cork, Walter Coppinger, wanda yake rigimar ƙasar da Ingilishin, cewa da saninsa aka yi. Zargi ne, ba a taɓa kawo hujja ba.

DanYauri
Innalillahi. Allah ya kawo mana ƙarshen namu.

Hajiya_Dublin15
Amin. Ni dai har yanzu ina kan bakana game da ruwan nan. Ba a wannan yankin ba ne guguwa ta kashe masu tseren jirage?

Injiniya_Cobh
Nan ne, Hajiya. Tseren Fastnet na watan Agusta 1979, jirage 303 suka shiga, guguwa ta same su cikin dare, mutum 15 daga cikin masu tseren suka mutu. Jirgin ceto na Baltimore yana cikin waɗanda suka fita. Tashar ceton tana nan tun 1919, kuma masu aikin 'yan sa-kai ne, masunta da masu shago da malaman makaranta, ƙararrawa na bugawa su bar abin da suke yi. Su ne suka ɗauko Charles Haughey a 1985 lokacin da jirginsa ya nutse kusa da Mizen Head, mutumin da ya yi firaministan Ayalan sau uku. Amma Hajiya, wancan tsakiyar teku ne, kwana da kwanaki. Su Abu Haidar gefen gaɓa suka bi, suna ganin ƙasa, ga wuraren fakewa kowane 'yan awoyi.

Abu Haidar, kun kai dutsen Fastnet ɗin? Hasumiyar fitilar da ke kai an gama ta a 1904, tsayinta mita 54, da duwatsun da aka sassaƙa a Cornwall aka jero su suna cije da juna. Aikin injiniya ne na gaske.

Maman_Haidar
Ba mu kai ba, Injiniya, na ce iyakata ke nan. Daga nesa muka hango shi da muka hau tudun Matar Lutu da yamma. Sherkin muka tsallaka, tsibirin da ke fuskantar garin, minti goma ne a jirgin fito. Akwai kangon wani gidan ibada na Kirista tun 1460 daf da inda ake sauka, yara suka yi ta ɓuya a ciki. Tsibirin Cape Clear kuma, inda har yanzu ake jin harshensu na asali, ya ce sai wani zuwan.

Abin da ya fi burge ni dai kifi ne. Dattijon ya ba yara wani zare mai ƙugiyoyi da gashin tsuntsu, ba ko tsutsa, suka jefa. Kafin minti biyar Haidar ya jawo huɗu a lokaci guda. Ina dubawa na ce wannan ai titus ne! Shi dai, da zanen bayansa. Na fito da yajin da na ƙulla a jaka, muka soya a ɗan murhun jirgin. Matar mai jirgin ta ci tana hawaye tana ƙarawa.

Injiniya_Cobh
Shi ne kuwa, Maman Haidar. Najeriya tana cikin manyan masu sayen irin wannan kifi daga Ayalan, yawanci daga Killybegs ake lodinsa a daskare. Wanda ake yanka miki a kasuwar 'Yankura ba mamaki daga ruwan nan ya fito.

Nas_Kumasi_Zongo
Kai, mu ma a Zango muna cinsa, ban taɓa sanin daga inda yake zuwa ba. Nawa tafiyar ta ci muku, Abu Haidar? Don in na ji jirgin iska sai in ga abin masu kuɗi ne.

Abu_Haidar_Cork
Mu dai abinci muka kawo, na kuma matsa masa ya karɓi kuɗin mai da na wurin ɗaure jirgi, da ƙyar ya karɓi rabi. Haya kam da tsada, kuma ba za a ba ka ba sai da takardar shaidar tuƙi ko ka ɗauki matuƙi. Amma in garin kake so ka gani, bas na zuwa daga Skibbereen, kilomita 13 ne, jirgin fito kuma kowa na shiga.

Goggo_Waterford
In kun je ta mota ku tsaya a Skibbereen ɗin, akwai maƙabartar Abbeystrewry a bakin hanya. Mutum 8,000 zuwa 10,000 aka zuba a ramuka ba akwati lokacin yunwar dankali ta 1845 zuwa 1852. Fili ne kawai kore, ba ko suna. Na tsaya a wurin na kasa magana. Kuma Abu Haidar, ga abin da za ka haɗa wa yaro da shi: a 1847 Sarkin Daular Usmaniyya, Abdulmajid, ya aiko wa mutanen nan fam 1,000 na agaji. Daular da Aljiyas take ƙarƙashinta a 1631 ita ce dai. Ni 'yan Ayalan ne suka koyar da ni a St. Louis ta Kano, tun ina yarinya nake jin labarin yunwar nan daga bakin sistoci, ban san zan zo in tsaya a kan kabarin ba.

Abu_Sumayya_Galway
Yawwa Goggo, irin wannan nake nufi. Me ya sa ba za a fara da shi ba?

Yar_Damagaram
Don ba shi yaron ya tambaya ba, Malam. In ɗanka ya ce wa ya fasa tulu, ba ka fara da labarin wanda ya haƙa rijiya.

Abu_Sumayya_Galway
Ke ba ki san abin da yaranmu ke sha a makarantu ba ne. Nawa an taɓa kiransa ɗan ta'adda a filin wasa yana ɗan shekara tara. Yaron da ake yi wa haka, in ka ƙara ɗora masa laifin shekara 400, da me zai tsaya?

Yar_Damagaram
A Faransa nake fa, na san shi sarai, wataƙila fiye da kai. Allah ya shirya mana su. Amma ba ɗora masa za a yi ba. Shi bai saci kowa ba, kamar yadda ɗan ajinsu bai tura kowa Barbados ba.

Abu_Haidar_Cork
Na gode muku duka, na karanta komai har sau biyu. Jiya bayan isha na kira shi. Na ce masa e, Musulmi ne, shugabansu Bature ne da ya musulunta, wanda ya nuna hanya Kirista ne, kuma abin da suka yi zalunci ne. Na ba shi labarin Ahmad Baba da na Sarki Abdulmajid, na ɗan taɓa masa namu na gida kamar yadda 'Yar Damagaram ta ce, ban zurfafa ba. Ya yi shiru, sannan ya ce shi ba wannan ne ya dame shi ba sosai. Wai yaran nan bakwai 'yan gida ɗaya, an bar su tare ko an raba su? Kuma in sun girma a can sun yi aure, jikokinsu suna Aljeriya yanzu suna salla, ba su san daga Cork suke ba?

Mai Kundi, wannan kuma naka ne.

Mai_Kundi
Ka gaishe mini da Haidar. Ka ce masa a irin waɗannan kasuwanni ɗai-ɗai ake sayarwa, yara ƙanana kuma yawanci a gidan wanda ya saye su suke tashi, su ɗauki addininsa da harshensa. Don haka tunaninsa na biyu ba wauta ba ne ko kaɗan. Shi Murad ɗin ma ɗansa Anthony ya ƙare a garin da ya zama New York, yana cikin mazaunan farko, zuri'arsa na can.

Hajiya_Dublin15
Allah ya raya mana shi. Maman Haidar, rigar kariyar nan akwai ta manya masu jiki? Ba wai zan je ba ne, tambaya kawai nake.

Maman_Haidar
Akwai, Hajiya, har da mai hura kanta in ta taɓa ruwa. Ya ce a watan Agusta zai kai mu Cape Clear, kuma akwai gado ɗaya da ba kowa. Bokitin dai na Abban Haidar ne, sai ki zo da naki.